Kawuna da Gundumarsa ta Ireland

Kawu ya rasu wata ranar Laraba da hantsi, cikin tsananin zafin Yuli, a wani asibiti da ke unguwar Deira a Dubai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Washegari, da aka kammala takardu, muka kai shi maƙabartar Al Qusais. Tun yana da lafiyarsa ya ce kada a wahalar da kowa da ɗaukar gawa a jirgi, inda rai ya fita nan za a rufe shi.

A gidansa na Abu Hail aka yi zaman makoki. Fulat ne mai ɗaki biyu da falo, bai taɓa ɗaukar jama'a irin ta ranar ba. Takalma sun cika baranda har bakin lif. 'Yan kasuwa sun rufe ofisoshin kago, inda ake aika kaya gida, ɗalibai sun zo daga Sharjah, wasu sun biyo bas tun daga International City suna sharce gumi. Kowa da abin da ya tuna. Maigidana a wurin aiki, Bakano mai harkar kwantena, ya dafe kai yana cewa, "Khalas, shi ke nan. Yanzu wa za mu kai wa sakamakon gwajin jini ya fassara mana da Hausa?" Wani ɗalibi ya ce a makonsa na farko a ƙasar nan zazzaɓi ya kwantar da shi, bai san kowa ba, sai ga Dakta, wato Kawu, ya hawo bene da magani da kunun gyaɗa a fulas. Wata maƙwabciya 'yar Indiya ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tukunyar shinkafa, ta kasa shiga, ta kasa tafiya.

Bayan La'asar sai ga wani Bature mai furfura, sanye da baƙar kwat a cikin wannan zafi. Ya tuɓe takalmi, ya ratso mutane, ya durƙusa a kan kafet da ƙyar saboda gwiwoyinsa. Ya dubi jama'a ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Allah ya jiƙansa." Daga nan ya rufe fuska da tafukansa ya fashe da kuka, irin kukan da babban mutum ba ya yi a gaban mutane.

Yayan Kawu, wanda muke kira Alhaji Babba, da safiyar ranar ya sauka daga Kano. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Wannan fa?"

Na ce, "Ƙaninsa ne, Alhaji."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ƙaninsa? Ni ne yayansa. Na san ƙannensa kaf, har da uwarka."

Amsar tana da tsawo, ba ta wurin makoki ba ce. Ita ce nake so in rubuta a nan, kafin waɗanda suka san Kawu su watse, a bar shi da suna Dakta kawai.

Kawu wan mahaifiyata ne. Yana saurayi gwamnati ta tura shi karatun likita ƙasar Ireland, tun kafin a haife ni. Da ya gama, aka kai shi aiki wani ƙaramin asibiti a yammacin ƙasar, a wata gunduma mai duwatsu da tumaki da ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Ya kama hayar ɗaki a gidan wata mata mai 'ya'ya maza da yawa. Ya ce makonnin farko daga asibiti sai ɗaki, sai kallon taga. Wata Lahadi manyan 'ya'yan gidan suka ƙwanƙwasa masa ƙofa, suka ce ƙungiyar ƙauyensu mutum ɗaya ya rage mata, shi kuma ga tsawo Allah ya ba shi. Suka ba shi riga da takalmin aro, suka tsayar da shi a tsakiyar fili, suka ce in ƙwallo ta zo ta sama ya yi tsalle ya cafke.

"Na cafke," in ji Kawu. "Ban san me zan yi da ita ba. Ina tsaye ina tunani wani ƙato ya bi ta kaina."

A ranar ɗan yatsansa na hagu ya karye, ya warke a karkace, haka ya mutu da shi. A ranar kuma ƙwallon Gelik, wasan gargajiyar ƙasar, ta shiga ransa. Baturen da ya yi kuka a falo shi ne autan wannan gida. Ya girma ya zama malamin makaranta, ya zo Dubai koyarwa, ya tarar da Kawu ya riga shi zuwa yana aiki a asibiti. Kawu bai taɓa kiransa da suna a gabanmu ba, "ƙanena" yake cewa. Mu kuma muna ce masa Bature.

Lokacin da na zo Dubai neman aiki, a falon Kawu na kwana wata da watanni. A nan na gano cewa daga farkon zafi zuwa tsakiyarsa, ranar Lahadi ba ta kowa ba ce sai ta gundumarsa. Lokacin ne ake gasar gundumomin ƙasar baki ɗaya. Hajiya, matarsa, takan dafa shayi mai na'ana'a ta zuba dabino a faranti. Bature yakan iso da tsohuwar rigar ƙungiyar a jikinsa. Wasan yamma a can yakan faɗo mana nan dab da faɗuwar rana, sau da yawa hutun rabin lokaci yakan zo daidai da Magariba. Kawu yakan ce ko 'yan Ireland sun san lokacin salla. Mukan tashi mu yi alwala, Bature ya rage sautin talabijin ya zauna shiru har mu sallame.

'Yan kasuwarmu sukan leƙo, wasu don shayi, wasu don su nuna masa takardar asibiti. Duk wanda ya shigo sai ya sha darasi.

"Ƙwallo ce kamar wadda kuka sani," yakan ce, "amma hannu ba laifi ba ne. Ka ɗauka ka yi gudu, sai dai bayan 'yan taku kaɗan ka doka ta a ƙasa, ko ka taɓa ta da ƙafa ta dawo hannunka. Kun ga dogayen turakan nan biyu a saman raga? Ka wuce da ita ta tsakaninsu, maki ɗaya. Ka zura a raga, maki uku."

Maigidana ya taɓa cewa, "Dakta, wannan ai kokawa ce aka sa mata ƙwallo."

Kawu ya ce, "Habibi, shwaiya shwaiya, bi a hankali. Ka ga golan can? Malamin firamare ne. Dogon nan na tsakiya shanu yake kiwo. Gobe Litinin kowa zai koma bakin aikinsa. Ba a biyansu, ba a sayensu, ba a sayar da su. Gundumar da aka haife ka ita za ka buga wa, ko tana ci ko ana cin ta."

"To taka tana ci?"

Kawu ya kurɓi shayi. "Ana cin ta."

Gaskiya ya faɗa. Tun da ya san gundumar ba ta taɓa ɗaukar babban kofi ba. Kuma bai taɓa yi mata kyakkyawan zato ba. In aka tambaye shi yadda yake ganin bana, sai ya ce bayansu a buɗe yake, ko ya ce 'yan gabansu ƙafar dama kawai suke da ita. Amma in wasa ya fara, ba ya ɗauke ido daga talabijin har shayinsa ya huce.

In zai yi bayanin dabara, farantin Hajiya ne filinsa. Kofunan shayi su ne 'yan baya, dabino 'yan gaba, cokali shi ne gola. Wasan da yake so a bayyane yake. Gola ya doka ƙwallo mai nisa zuwa tsakiya, dogon mutum ya tashi sama ya cafke ta a kan kawunan mutane, ya juya ya aika ta gaba da ƙafa, ɗan gaba ya yi ta kansa da mai tsaronsa. "Kowa da mutuminsa," yakan ce. "In ya fi ka, duniya ta gani. In ka fi shi, duniya ta gani." Wanda aka yi wa bayanin yakan cinye 'yan gaban kafin a gama, Kawu ya ce an ba su jan kati.

Akwai shekarar da ya ce sai ya kafa ƙungiyar Hausawa. Ya tara samarin kago a wani fili a Al Qusais da sanyin safiya, ya zo da ƙwallo da usur. Abin bai yi nisa ba. Duk wanda aka jefa wa ƙwallo sai ya tare da ƙirji ya sauke ta ƙasa, don tun yana yaro an hana shi taɓawa da hannu. Kawu yana ihu, "Yalla, maza ka kama ta! Halal ce!" Bayan 'yan makonni ya haƙura, ya ce hannun Bahaushe ya tuba da ƙwallo. Amma ya ci gaba da zuwa filin, yana duba musu targaɗe da gocewar ƙashi.

Sai gundumar ta samu sabon koci. Mutumin ya ga cewa yaransa ba za su iya da manyan gundumomi mutum da mutum ba, sai ya canja komai. Da zarar ƙwallo ta kuɓuce musu, kowa da kowa ya koma gida, har 'yan gaba, su yi cincirindo a gaban raga. In sun karɓe ta kuma ba dogon bugu, sai miƙa wa juna da hannu, gefe zuwa gefe, gaba kaɗan, baya da yawa, har abokan karawa su gaji su bar kafa. Gola ma ya daina dokawa tsakiya, sai ya gangara wa na kusa da shi. Mutanen can suna kiran wannan tsaro bargo.

"Bargo!" in ji Kawu. "Ai sun faɗi gaskiya. Ƙarti sun lulluɓa a gida kamar masu jin sanyi."

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne dabarar ta yi aiki. Suka fara cin wasa. A shekara ta biyu suka haɗu da maƙwabciyar gunduma, wadda ta daɗe tana lallasa su, suka ci ta da maki ƙalilan a wani wasa da ko 'yan kallo sun yi ta hamma. Da alƙali ya hura usur Bature ya daka tsalle har rigarsa ta ɗage. Kawu bai motsa ba. Da Turanci suka yi maganar, amma ga abin da suka ce.

"Ba za ka tashi ba? Mun ci su!"

"Ba ku ci su ba, kun gajiyar da su ne. Ni in ga an ci mu ana wasa ya fi min wannan."

Fuskar Bature ta yi ja. "Kai kana iya faɗin haka. Ka zo ka yi shekarunka ka tafi. Ba kai ne kake shiga kasuwar garinsu tun kana yaro ana yi maka dariya ba. Ubana ya mutu bai ga wannan rana ba. Ba gundumarka ba ce, shi ya sa kake neman ado."

Na ɗauka Kawu zai mayar masa, don ba ya barin magana ta kwana. Sai kawai ya tashi ya tattara kofunan shayi da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya shige kicin. Bature ya tsaya kaɗan, ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Daga ranar bai sake zuwa ba. Kawu ya ci gaba da kallon wasa shi kaɗai, amma ya kashe sauti. Hajiya ta yi magana, bai ji ba. Ni ma na gwada.

"Kawu, ka kira shi mana. Zafin wasa ne."

"Me zan ce masa? Ai ba ƙarya ya yi ba. Ba a can aka haife ni ba."

A nan na gane ba fushi yake yi ba. Ciwo ya ji. Kawu yana da wannan hali, kuma ba zan ɓoye shi don ya rasu ba: in an taɓa shi a inda yake da rauni, ba ya faɗa, sai ya rufe ƙofa ya zauna a bayanta, ko shekara nawa ne.

Gasar ta ƙare, sanyi ya shigo. Wata safiya matar Bature ta kira Hajiya tana kuka. An yi wa mijinta aikin zuciya, yana kwance a asibiti, ga shi an bugo daga gida cewa mahaifiyarsa ta rasu. Likitoci sun ce ko kusa da jirgi kada ya je. Hajiya ta shigo falo ta faɗa wa Kawu. Sai ya ce da ni in ɗauko masa tsohuwar rigar sanyinsa a saman kabad. Yana da fasfon ƙasar tun zaman aikin da ya yi, ba ya buƙatar biza.

Labari ya riga shi fita. Bayan Azahar, a ƙofar masallaci, wani dattijo daga cikin mutanenmu ya tare shi.

"Dakta, na ji wai jana'izar Kirista za ka tafi, har wata ƙasa. Da girmanka?"

Kawu ya ce, "Alhaji, ba sallarsu zan yi ba. Matar nan ta ware min tukunya da cokali don kada abin da ba na ci ya taɓa abincina. Da azumi ita take tashi cikin sanyin da ba ka taɓa jin irinsa ba, ta dafa min sahur, ta buga min ƙofa, ita da ba ta azumi. Lokacin da uwata ta rasu a Kano ban samu zuwa ba, ita ta zauna da ni. Zan je in tsaya a raka ta, in ce wa 'ya'yanta na gode. In laifi ne, tsakanina da Ubangijina."

Ya tafi. Da ya dawo ni na ɗauko shi a filin jirgi, ya ce kada mu biya gida, asibiti za mu wuce. Muka tarar da Bature a kwance, ya rame, ƙirjinsa a naɗe. Da ya ga Kawu sai ya juyar da kai gefe. Kawu ya ja kujera ya zauna, ya fara ba shi labari kamar jiya suka rabu. Ya ce an yi ruwa tun safe. Ya lissafa masa waɗanda suka zo, da wanda ya tsufa, da wanda ya zo da sanda, da waƙar da aka rera. Ya ce an binne ta kusa da mijinta, ta gefen da ake hango teku.

"Yayyenka sun ce mutum ɗaya ya rage a masu ɗaukar akwati," in ji Kawu. "Sai suka sa ni a wurinka."

Bature ya fara kuka. "Maganar da na faɗa maka ranar nan..."

"Kwanta, kada ka fasa ɗinki." Kawu ya gyara masa matashi. "Amma kocin nan naku, har gobe matsoraci ne."

Bature ya yi dariya ya dafe ƙirji, nas ta shigo ta kore mu.

Shekarar da ta zama ta ƙarshe ga Kawu, masu kula da wasan sun gaji da bargo, suka canja dokoki. Aka ce dole kowace ƙungiya ta bar mutum uku a gaba, ba su da izinin komawa gida. Aka ja wani layi mai lanƙwasa nesa da raga, aka ce wanda ya doka daga bayansa ta wuce tsakanin turaka ya samu maki biyu. Kawu ya yi murna kamar shi aka tambaya. Ya kira Bature a waya yana cewa, "An yaye muku bargo, sai ku fito ku sha iska."

A lokacin ne kuma ciwon hanta ya bayyana. Shi likita ne, ya karanta sakamakonsa da kansa, ya ninke ya sa a aljihu. Hajiya kawai ya faɗa wa gaskiya. Mu ya ce mana gajiya ce. Sai da wandonsa ya fara zamewa, idonsa ya canja launi, sannan muka gane.

Gundumar ta fara gasar da faɗuwa. Golansu ya saba da gangara ƙwallo kusa, yanzu da aka matsa masa sai ya riƙa dokawa hannun abokan karawa. Kawu yana kwance a kan doguwar kujera da bargon gaske a ƙafarsa, yana cewa, "Ba laifin yaron ba ne. Ba shi da wanda zai nufa a tsakiya." Bayan wasa biyu koci ya ɗauko wani dogon yaro daga baya ya kai shi tsakiya. Abin ya gyaru. Suka samu kuma wani ɗan gaba mai ƙafar hagu da ba ya tsoron bugun nesa. Suka ci wasa, suka sake ci, suka fitar da wata babbar gunduma da kowa ya ce ita za ta ɗauki kofi. Kullum Kawu yana ƙara ramewa, kullum yaran suna ƙara kyau. Farantin shayi ya yi masa nauyi, sai ya koma nuna mana dabara da yatsu a kan ƙirjinsa.

Wasan kwata fainal a asibiti ya same shi. Muka jingina kwamfutar Bature a kan teburin cin abincin marasa lafiya. Hajiya tana zaune a gefe da carbi. Aka tafi hutu ana gabansu da maki da yawa, Bature ya ce shi ke nan, an saba. Kawu bai buɗe ido ba ya ce, "Iska tana bayansu a zagaye na biyu. Ka jira." Aka dawo, mai ƙafar hagu ya doka ta nesa sau biyu, duka suka shiga. Suka kamo, suka wuce da maki ɗaya. Saura kaɗan a tashi, golan gundumar ya ajiye ƙwallo zai buga. In ya gangara ta kusa aka ƙwace, an gama da su. Ya ɗaga kai ya doka ta can tsakiya. Dogon yaron ya taso da gudu, ya tashi sama da kowa, ya cafke ta da hannu biyu, ya faɗo da ita a ƙirjinsa. Alƙali ya hura usur.

Kawu ya ɗaga hannunsa mai ƙarin ruwa, mai karkataccen yatsan nan. Muryarsa ta dushe, sai da muka sunkuya.

"Bana namu ne," ya ce.

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Bature ya riƙe hannun ya ce, "Namu ne, yayana."

Bai kai wasa na gaba ba. Kwanakinsa na ƙarshe ba ƙwallo a bakinsa, sai salati da kalmar shahada, da tambayar ko an kira Alhaji Babba.

Wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo ranar Lahadin da ta biyo bayan rasuwar. Ana ta karɓar gaisuwa, ban ma yi niyyar tunawa da shi ba. Hajiya ce ta aiko a kira ni bakin ƙofar ɗakinta, inda take takaba.

"Yau ne wasan mutanen nan ko?"

Na ce, "Yau ne, Hajiya."

"Tashi ka je wurin ƙanin Dakta. Kada a bar shi ya kalla shi kaɗai."

Na je. Mu biyu muka zauna a falonsa, ba shayi, ba magana. Yaran sun yi wasa irin wanda Kawu yake so, kowa da mutuminsa, ba wanda ya ɓuya. Dogon yaron ya mallaki tsakiya. Amma abokan karawarsu sun fi su gogewa, a ƙarshen wasa suka zura ɗaya a raga, aka fitar da gundumar da maki ɗaya. Bature ya kashe talabijin ya ce wataƙila gara da bai gani ba. Na ce ban sani ba. Ina jin da ya gani, da ya ce an ci su ana wasa.

Da na koma Abu Hail, Alhaji Babba yana zaune shi kaɗai a falo, jama'a sun ragu. A kwanakin nan ya ji labarin Bature daga bakin mutane daban-daban. Ya bar ni na zauna, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya aka tashi?"

"An ci su, Alhaji. Da maki ɗaya."

Ya girgiza kai. "Allah Sarki. Mutanen ɗan'uwana."

Kafin sadakar arba'in Bature ya zo gaishe da Hajiya, ya ce akwai abin da yayyensa suka turo a nuna mata. Ya ba ni wayarsa, na miƙa mata ta bakin ƙofa, na tsuguna daga waje ina hangowa. Bidiyo ne na wani ƙaramin fili a ƙauye, ciyawa shar, ana yayyafi. 'Yan wasa sun jeru a tsakiya. A gefe tsofaffi ne cikin rigunan ruwa, sun cire huluna sun riƙe a hannu. Wani mutum ya yi magana a lasifika, ya ce kafin a fara wasa za a tuna da wani tsohon ɗan ƙungiya, likitan garin a da, wanda ya rasu a Dubai. Ya zo kan sunan Kawu ya yi tuntuɓe, ya sake gwadawa, ya faɗe shi a karkace. Daga nan kowa ya sunkuyar da kai. Ba a jin komai sai iska da ɗigar ruwa a kan lema.

Hajiya ta ce, "Ko sunan ma bai iya faɗa ba." Ta yi 'yar dariya, ta farko tun rasuwar, sai dariyar ta koma hawaye. Ta goge ido da gefen hijabi. "Me suke karantawa?"

Na ce, "Ba komai, Hajiya. Haka suke yi. Shiru kawai suke yi masa."

Ta kalli tsofaffin nan da ruwa yake sauka a kan furfurarsu har bidiyon ya ƙare. Sannan ta ajiye wayar a kan cinyarta.

"To, sun yi nasu," ta ce. "Ɗaga hannu mu yi namu."

Muka ɗaga. Bature yana tsaye a falo, ya sunkuyar da kai.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka daga ƙasar da ba a nan aka haife shi ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka saka masa da alherin da ya yi wa na kusa da na nesa. Ka ba Hajiya da mu haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.